Ɗiyata ta ce kar in faɗa wa kowa abin da ya same ta a taksin da ba direba

Assalamu alaikum Malama. Ni uwa ce, ina zaune a Tahoua. Ina da ɗiya da aure ya kai ta Amurka, suna wani birni a yammacin ƙasar ita da mijinta. Tana aiki a gidan kula da tsofaffi, ba ta tashi sai ƙarfe 11 na dare. Mijin direban babbar mota ne, yakan yi kwanaki a hanya bai dawo ba. Da yake ba ta da mota, takan koma gida a irin taksin nan mai tuƙa kanta, wadda ba kowa a ciki. Ta ce ta zaɓe ta ne don ba ta son zama ita kaɗai da namijin da ba ta sani ba cikin dare.

Makon jiya ta kira ni tana kuka. Motar ta tsaya a danja, sai wasu samari uku da alamar sun sha suka kewaye ta. Ɗaya ya hau gaban motar ya zauna, ɗaya yana bubbuga gilashi yana nuna hijabinta yana dariya, na ukun yana jan ƙofa. Wuta ta ba da hanya, motar ta ƙi motsi. Ta danna wurin neman taimako, wata murya ta ce mata ta zauna a ciki kar ta buɗe. Can suka gaji suka tafi. Ba su taɓa ta ba, amma ta ce har yau in ta rufe ido tana ganin fuskar na bakin gilashin.

Ta roƙe ni da girman Allah kar in faɗa wa babanta ko mijinta, don za su ce ta bar aikin. Da kuɗin aikin nan take biya wa ƙannenta makaranta, da shi take saya mini maganin hawan jini. Malama, barci ya gagare ni. In hana ta shiga motar? In faɗa wa Alhaji? Wani lokaci sai in ga kamar ni ce sanadi, don saboda mu take fita cikin dare.

Wata uwa daga Tahoua

Wa alaikumus salam Hajiya. Sannu, sannu ƙwarai. Alhamdu lillahi da abin ya tsaya iya nan, Allah ya kiyaye gaba.

Zan fara da maganarki ta ƙarshe, don ita ta fi tsaya mini a rai. Ba ke ce sanadi ba. Samari uku ne suka ga mace ita kaɗai suka zaɓi su tsorata ta, alhakin yana wuyansu su kaɗai. A Adar gida nawa ne ake cin tuwo da gumin ɗan da ke Abidjan ko Libiya? Ba a taɓa cewa uwar ɗan ci-rani ita ta jawo masa wahalar hanya ba, sai dai a ce Allah ya yi masa albarka. Don wannan karon ɗiya mace ce ta ɗauki nauyin, hukuncin bai canza ba. Kuma tunda kina da hawan jini kuma kin yi mako ba barci, ki je a gwada jinin cikin kwanakin nan, kada ki jira sai kai ya fara sarawa.

Na lura tsoronki kashi biyu ne, akwai na samarin, akwai kuma na motar da ba ki taɓa ganin irinta ba. Bari in rage miki na biyun. Kamfanoni da dama ne ke wannan sana'a, a Amurka da China da wasu ƙasashen Larabawa, kuma tsarinsu ya yi kama da juna. Zan kafa misali da Waymo don shi ne babba a Amurka. Na kamfanin Alphabet ne, wato masu Google. Tun 2009 suke gwaji. A watan Oktoba na 2020 suka buɗe wa jama'a a birnin Phoenix ba kowa a kujerar direba, a 2024 suka buɗe wa kowa da kowa a San Francisco da Los Angeles, a 2025 suka shiga Austin da Atlanta. A watan Afrilun 2025 kamfanin ya ce yana ɗaukar fasinja fiye da sau 250,000 a kowane mako. Kin ga ke nan ɗiyarki ba ganganci ta yi ba. Abin hawa ne da ma'aikata da 'yan makaranta da tsofaffi suke shiga safe da yamma.

Farar mota ce ƙirar Jaguar mai aiki da lantarki. A kan rufinta akwai wata na'ura mai juyawa da ke harba haske tana auna nisan duk abin da ke kewaye, ga kyamarori 29, ga rada. Sitiyari yana nan a wurinsa, yana juya kansa. Da manhajar waya ake kiranta, da ita ake buɗe ƙofa. Hannun ƙofar ma a shige yake cikin jikin motar, sai fasinja ta danna a wayarta yake fitowa, in an kama hanya ya koma, ƙofa ta kulle. Shi ya sa yaron nan ya yi ta ja bai samu komai ba.

To me ya sa ta ƙi motsi da wuta ta ba da hanya? Domin an gina ta a kan cewa muddin akwai mutum a gabanta ko a jikinta ba za ta taka ba. Wannan tsantseni da dalilinsa. A watan Maris na 2018 wata motar gwaji mai tuƙa kanta ta Uber, kamfanin taksin da ake kira da waya, ta kashe wata mata mai ƙetare titi a Tempe ta jihar Arizona. A watan Oktoba na 2023 kuma, a San Francisco, wata mota mai direba ta buge wata mata ta jefa ta gaban motar kamfanin Cruise marar direba, motar ta ja ta a ƙasa kimanin mita 6. Cikin wannan watan hukumar Kalifoniya ta dakatar da lasisinsu, a Disambar 2024 General Motors, mai kamfanin Cruise, ya daina zuba kuɗi a harkar gaba ɗaya. Duk kamfanin da ya ga haka zai koya wa motarsa ta gwammace ta tsaya cak da ta taɓa ɗan Adam.

Sai dai miyagun mutane sun gano wannan hali nata. Tun 2023 masu adawa da motocin a San Francisco suka riƙa ɗora musu robar nan mai tsini da ake jerawa a titi in ana aiki, da an ɗora a gaban motar sai ta ƙame. A ƙarshen Satumbar 2024 wata mata a wannan birni ta ɗauki bidiyon maza biyu da suka tare motar da take ciki, suka ce sai ta ba su lambar wayarta, bidiyon ya zaga duniya. A Disambar wannan shekara jaridar Washington Post ta kawo labarin wasu fasinjoji, galibinsu mata, da aka tare su, ko aka bi su a baya, ko aka yi ƙoƙarin shiga motarsu. Abin da ya faru da ɗiyarki sananne ne, kuma rauni ne na gaske a jikin wannan sabuwar fasaha. Da a ce direban taksi ne a Yamai wani ya tare masa gaba a wajen Katako cikin dare, kafin ya ƙaraso ya riga ya karanta niyyarsa a tafiyarsa. Zai danna oda, ya leƙo kai ya daka masa tsawa, in ta kama ya karya sitiyari ya hau gefen kwalta ya wuce. Na'urar tana ganin mutum sarai, har ta san tazarar da ke tsakaninsu, amma ba za ta yi wa fasinjarta wannan zuciyar ba. Ma'aikatan da ke amsa kira daga ofis kuwa ba sitiyari ne a hannunsu ba. Suna iya magana da fasinja, su duba kyamara, su nuna wa motar hanya, su kira 'yan sanda. A ganina kamfanonin nan suna da sauran aiki babba, don ba daidai ba ne a karɓi kuɗin mace a bar ta cikin akwatin gilashi tana jiran masu tsokanarta su gaji don kansu.

Duk da haka, Hajiya, amsata ga tambayarki ta farko ita ce kar ki hana ta. Ki tambayi kanki, in ta bar wannan motar me za ta shiga ƙarfe 11 na dare? Ko ta tsaya jiran bas a tasha ita kaɗai, ko ta kira taksi mai direba. Dalilin da ta kawo miki ba ƙarami ba ne, addini ma ya yi kashedi a kan keɓantar namiji da macen da ba muharramarsa ba, kuma lissafi ya goyi bayanta. Kamfanin Uber da kansa ya fitar da rahoto a Disambar 2019, ya ce a shekarun 2017 da 2018 an kai masa ƙorafin cin zarafi ta hanyar lalata har 5,981 a Amurka, daga taɓa jiki zuwa fyaɗe. A 2019 da 2020 ya ce 3,824. A cikin waɗanda aka ci zarafin har da direbobi, kuma in aka auna da yawan tafiye-tafiyen kason ƙarami ne, akasarin direbobi bayin Allah ne masu neman halali. Amma mu mata ba sai an kawo mana lissafi daga Amurka ba. Wadda ta taɓa shiga taksi mai jan kai daga Babbar Kasuwar Yamai da magariba ta san yadda ake matse jiki a jikin ƙofa, jaka a kan cinya, don gwiwar na kusa da ita ta ƙi zama wuri ɗaya. Wadda ta hau kabu-kabu a nan Tahoua ta san ɗan iskan da ke taka birki ba dalili. Mun sani, muna dai yin shiru ne.

Ki auna abu biyu. Namiji a cikin mota, makullin ƙofa da zaɓin hanya duk a hannunsa. Ko kuwa maza a waje, ƙofa a kulle, kyamara tana ɗaukar fuskarsu, ga mutum a ɗaya ɓangaren yana ji. Na biyun yana da ban tsoro, ɗiyarki shaida ce, amma ni in ɗiyata ce shi zan zaɓar mata. Ta fuskar haɗarin hanya ma, wani bincike da kamfanin inshora na Swiss Re ya yi tare da Waymo a Disambar 2024, a kan tafiyar mil miliyan 25.3, ya nuna ƙorafin raunin jiki ya ragu da kashi 92 cikin 100 in aka gwada da tuƙin mutane. Da hannun kamfanin a cikin binciken, don haka a riƙe shi da lura, amma ba abin yarwa ba ne.

Abin da za ki yi mata da ya fi hani amfani shi ne ku zauna a waya ku tsara tafiyar nan tun daga ƙofar wurin aiki har cikin ɗakinta. Kar ta fito titi jiran mota. Ta tsaya cikin ginin, manhajar tana nuna mata inda motar take, sai ta iso sannan ta fito. Ta duba lambar motar ta dace da ta wayarta, kar ta danna buɗe ƙofa tun daga nesa, sai ta tsaya dab da ita. Ta leƙa ciki, ta shiga, ta ja ƙofa, ta danna tafiya nan take. Kujerar baya ta fi, gilashi a rufe. Waya da caji, in da hali ta riƙe ƙaramin batirin ajiya a jaka, domin a wannan motar waya ita ce makulli, ita ce kuma bakin neman agaji. Ki tuna mata kuma cewa akwai kyamara a cikin motar, kar ganin ba kowa ya sa ta sassauta mayafi kamar tana ɗakinta.

Idan aka sake tare ta, abin da ta yi a karon farko shi ne daidai, ki yaba mata. Ta zauna a ciki. Ƙofar tana buɗuwa daga ciki in mutum ya so, kuma tsoro yakan raya wa mutum ya fita ya ruga, alhali ƙofar nan ita ce garkuwarta. Banda in wuta ce ta kama ko wani haɗari a cikin motar kanta, kar ta buɗe. Kar ta sauke gilashi ko da yatsa ɗaya, kar ta mayar musu da magana, kar ta haɗa ido da su. Irin waɗannan mutane martani suke nema, ko zagi ne ya ishe su. Ta danna maɓallin taimako da ke allon motar, ta faɗa a taƙaice cewa mutane sun tare motar suna jan ƙofa. Abu ɗaya zan ƙara a kan abin da ta yi, ta kira 911, lambar kiran gaggawa a Amurka, da wayarta a lokaci guda, kar ta jira kamfani ya yanke shawarar kira. Jan ƙofar mota da mace a ciki ba wasa ba ne, ya isa dalilin kiran 'yan sanda. Tambayar farko da za su yi mata ita ce ina take, don haka ta saba da duba sunayen tituna biyun da suka haɗu a wurin, suna nan a taswirar allon. Ɗaukar bidiyo yana da amfani, amma in ta ga ɗaga waya yana ƙara harzuƙa su ta sauke, motar ma tana ɗauka.

Wanda ya fi damuna shi ne a biyo ta a baya. Motar ba ta gudu, an gina ta ne ta bi dokar hanya, ba ta san dabarar ɓace wa mai bin sawu ba. In ta lura wata mota tana juyawa duk inda suka juya, kada ta bari a kai ta gida, don ta nuna musu ƙofarta ke nan. Ana iya canza wurin sauka a manhaja ana cikin tafiya. Tun yanzu, da rana tsaka, ta nemo ofishin 'yan sanda mafi kusa da hanyarta, da na 'yan kwana-kwana, da asibiti ko gidan mai da ke buɗe dare da rana, ta ajiye adireshinsu a waya, don a lokacin firgici hannu rawa yake yi, ba a iya rubuta komai.

Sauka ma tana son lura. Motocin nan sukan zaɓi inda suka ga ya fi dacewa su tsaya, wani lokaci ba daidai ƙofar gida ba, sai mutum ya ɗan taka. Ta duba wurin da aka sa mata tun kafin ta kira, in lungu ne mai duhu ta matsar da shi inda ke da fitila. Makullin gida a hannu tun tana cikin mota. In ta iso ta ga wanda hankalinta bai kwanta da shi ba yana tsaye, ta zauna, ta kira taimako ta ce ba za ta sauka a nan ba.

A nan ne ke kanki kike da rawar takawa, duk da nisan. Tsakanin Tahoua da yammacin Amurka awa 8 ne ko 9, gwargwadon lokacin shekara. Ƙarfe 11 na darensu ƙarfe 7 ko 8 na safiyarki ne, kin idar da salla, kin ɗora koko. WhatsApp yana da wurin da mutum ke tura inda yake kai tsaye na tsawon awa ɗaya, ana ganinsa yana tafiya a taswira. Ta riƙa tura miki in ta shiga, ta turo saƙon murya in ta kulle ƙofar gida. Amma ke ba za ki iya kai mata ɗauki daga Tahoua ba, don haka dole a samu mutum na biyu a can, abokiyar aiki ko maƙwabciya ko wata 'yar uwa daga masallacinsu, wadda ita ma za a tura mata, wadda za ta iya ɗaga waya ta kira 'yan sanda in shiru ya yi yawa.

Sannan ta kai ƙara, ko da mako ya wuce. Manhajar tana ajiye rana da lokaci da hanyar kowace tafiya. Ta rubuta wa kamfanin, ta nemi su adana bidiyon daren, ta kuma shigar da rahoto wurin 'yan sanda, don su ne ke da ikon neman bidiyon ta hanyar doka. Tunda sun yi wa hijabinta izgili, akwai ƙungiyar CAIR da aka kafa a 1994 don kare haƙƙin Musulmin Amurka, tana da ofisoshi a Kalifoniya da Arizona, tana karɓar irin wannan ƙorafi. Ƙila ba a kama kowa ba. Amma kamfani ba ya gyara abin da ba a rubuta masa ba, kuma wata mata za ta tsaya a wannan danjar gobe.

Yanzu ga maganar sirrin, wadda na san ita ce ke hana ki barci fiye da motar.

Kar ki faɗa wa Alhaji a bayan idonta, kar kuma ki aika wa surukinki. Ɗiyarki tana da miji, tana da ƙawaye, amma da abin ya same ta ke ta kira. Ba kowace uwa ke samun wannan ba. In karon farko da ta buɗe miki cikinta sakamakon ya zama an raba ta da aikinta, ta koyi darasi ɗaya, gobe ta yi shiru. Kuma ranar da abin da ya fi wannan ya faru, Allah ya sawwaƙe, ba wanda zai ji. Wannan shirun nake tsoro fiye da samari uku a danja. Mun ga yadda yake a garuruwanmu. Yarinya ta dawo ta ce wani ya tare ta a hanya, tambayar farko da za a jefa mata ita ce me ya fitar da ke, wa ya aike ki, me kika saka. Kafin a zo kan wanda ya yi laifin ta riga ta yi nadamar buɗe baki. Alhali a Suratun Nur maza aka fara umarta da runtse ido, sannan aka juyo kan mata. Ɗiyarki da hijabinta take, cikin mota a kulle, tana dawowa daga wanke tsofaffi da ba su abinci. Ba abin da ya rage ta yi wanda ba ta yi ba.

Amma ba zan ce a binne maganar ba. Mijinta ya kamata ya sani, daga bakinta. Shi ne yake ƙasa ɗaya da ita, shi ne zai iya raka ta wurin 'yan sanda, shi ne zai iya gyara kwanakin tafiyarsa ko ya zo ɗaukarta a ranakun da yake gari. Kuma in ya ji daga wani wuri, ko ya ga rahoton a wayarta, zafin ɓoyewar zai fi na labarin. Ke kuwa da kunyar surukuta a tsakaninku, in kika ɗaga waya kika kira shi a kan wannan, kin mayar da abin babban al'amari tun kafin a fara, zai ga kamar ana tuhumarsa da sakaci, namiji kuwa in ya ji an taɓa shi a nan hani yake fara yankewa. Ki ce mata: na riƙe miki amana, ba wanda zai ji daga bakina, amma ina so ki faɗa wa mijinki da kanki in ya dawo daga wannan tafiyar. Ta bari ya huta, ya ci abinci. Ta faɗa masa abin da ya faru ba ragi ba ƙari, ta biyo da abin da ta riga ta tsara, wane ne ke ganin tafiyarta kowane dare, ina za ta nufa in an biyo ta, ta kai ƙara ko za ta kai. Mutumin da aka zo masa da tsoro tsagwaronsa zai ce a zauna gida. Wanda aka zo masa da tsari kuma aka nemi ya sa hannu a ciki, sau da yawa yakan sa.

Shi kuwa Alhaji, ɗiyar tana ƙarƙashin aurenta, ba dole ba ne komai ya iso gare shi, balle abin da ba abin da zai iya yi a kai daga nan sai tashin hankali. In ya ga kin rame ya tambaye ki kai tsaye, kar ki yi masa ƙarya. Ki ce yarinyar ta ɗan gamu da tsoro a hanyar aiki, lafiyarta ƙalau, ita da mijinta suna kan maganar. In ta ga dama daga baya ta ba shi labarin da kanta.

Amanar nan tana da iyaka, kuma gara ki faɗa mata iyakar tun yanzu. In ta sake ganin waɗannan samarin, ko wani ya biyo ta har unguwarsu, ko aka fara jiranta a bakin wurin aiki, to magana ta wuce ta sirri, za ki faɗa, amma sai kin sanar da ita za ki faɗa.

Kar kuma kalmar ba su taɓa ta ba ta sa a raina abin da ke zuciyarta. Wanda ya zauna a kulle ana jan ƙofa a kansa bai san yadda za a ƙare ba, jikinsa ya riga ya ɗanɗani mafi munin abin da zai iya faruwa. Ganin fuskar in ta rufe ido, firgita in an buga ƙofa, rashin barci, duk abin da ake tsammani ne a makonnin farko. In ta kira tana son maimaita labarin, ki saurara ko sau nawa ne, kar ki yi saurin cewa ki manta, ya wuce. Ku riƙe azkar na safe da yamma da addu'ar hawa abin hawa. In wata guda ya wuce abin bai lafa ba, ko ta fara kasa fita aiki, ta ga likita. Wuraren aiki da yawa a can suna da masu ba ma'aikata shawara kyauta kuma a asirce, ta tambaya a wurin aikinta.

In bayan duk wannan mijin ya ce shi dai hankalinsa bai kwanta da fitar dare ba, tsakanin ci gaba yadda ake da ajiye aiki akwai hanyoyi. Ta nemi a mayar da ita aikin safe ko na rana, gidajen kula da tsofaffi kullum cikin neman hannu suke, sukan saurari ma'aikaciyar da ba sa son rasawa. Ta nemi abokiyar aiki mai mota da suke tashi tare, ta riƙa ba ta kuɗin mai. Lyft, wani kamfanin taksi irin Uber, tun 2023 yana da tsarin da ke ƙoƙarin haɗa mace da direba mace, Uber ma ya fara irinsa a 2025 a wasu birane, ciki har da Los Angeles da San Francisco, sai dai cikin dare ba kullum ake dacewa ba. Wanda ya fi ɗorewa shi ne ta koyi mota ta yi lasisi, ga malami a gida tunda sana'ar mijinta ke nan. In suka tsayar da wannan, ki ce mata ta rage abin da take turowa gida na wasu watanni ta tara kuɗin ƙaramar mota, ku kuma a nan ku lallaɓa. Daga bakinki ya kamata wannan ta fito, don ita ba za ta taɓa iya roƙonki ba.

Allah ya tsare ta ya tsare mana zuri'a, ya ba ki lafiya.